Tab Ko Na'urar Karatu? Ku Ji Wannan Kafin Ku Zaro Kuɗi

Yau zancen na'urori biyu ne masu kama da juna a ido: kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwar waya ke ce wa tab, da na'urar karatu irin su Kindle, wadda ba ta san komai ba sai littafi. Kowa ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna, a ji labari.

Mu fara da wanda ya fi ɗaure kai. Idan batirin na'urar karatu ya mutu murus, fuskarta ba ta yin duhu. Hoton ƙarshe da ta nuna yana nan daram, ko da za ta shekara a cikin durowa. Ta mutu, amma ido a buɗe!

Sirrin yana cikin tawadar lantarki: miliyoyin ƙananan ƙwanso, kowane bai wuce kaurin silin gashi ba, cike da ruwa da ƙwayoyin fari da na baƙi. Lantarki na taɓa su sai farare su taso baƙaƙe su nutse, ko baƙaƙe su taso farare su nutse, sai ga harafi ya fito. Tawada ce ta gaske, tana dai jin magana.

Da zarar ƙwayoyin sun zauna inda aka ce su zauna, ba sa ƙara neman wuta sai an juya shafi. Ita kuwa tab sabunta fuskarta take yi sau 60 a kowace daƙiƙa, wasu ma sau 120, ko da kalma ɗaya kuke kallo. Ɗaya na hutawa, ɗaya na haki.

Farin da ke cikin wannan tawada shi ne sinadarin da ke sa fenti ya yi fari fat, ana kuma zuba shi a wasu nau'o'in man goge baki. Ashe mai karatu da mai fenti kayan aikinsu ɗaya.

Sabon shiga yakan razana idan ya ga fuskar na'urar karatu ta yi baƙi wulik na ƙiftawar ido sannan ta dawo. Inuwar tsofaffin haruffa take sharewa don sabon shafi ya fito tas. Kada a ruga wurin mai gyara, lafiyarta ƙalau.

A jikin kwali za ku ga an rubuta cewa caji ɗaya na kaiwa mako 10, wasu ma 12. Ku leƙa ƙananan rubutun da ke ƙasa: lissafin mai karatun rabin sa'a ne a rana, intanet a kashe, wato sa'a 35 zuwa 42 ke nan gaba ɗaya. Mako goma na mai ɗanɗano ne. Mai kwana a kan littafi ya ajiye caja kusa.

Duk da haka tazarar ba ƙarama ba ce, domin tab mai kyau sa'a 10 take yi ta nemi soket. Batirin na'urar karatu bai kai rabin na wayar Android ta yau ba, amma tana ninka tab daɗewa sau uku zuwa huɗu. A unguwar da wuta ke leƙowa ta koma, wannan lissafi ne da ya shafi kowa.

Ku fita da tab tsakar rana, fuskarku kawai za ku gani a gilashin, domin hasken da ke fitowa daga bayanta ba ya iya ja da rana. Na'urar karatu kuwa da hasken waje take aiki, rana na ƙara haske rubutu na ƙara fitowa. Nan kam ta yi mata fintinkau.

Sai dai su biyun duka ba sa son zafinmu. Masu ƙera su kan rubuta cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai na haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. A nemi inuwa, a kuma daina barin su a gaban mota.

Tab irin iPad ma idan ta ji zafi ya ishe ta, gargaɗi take fitarwa ta ƙi aiki sai ta huce. Ba ta jin lallashi.

Dabarar sa littafi a cikin na'ura ta girmi yawancinmu. Tun a 1949 wata malamar makaranta a Sifaniya ta yi rajistar wani littafi na inji, don kawai ta rage wa ɗalibanta nauyin jaka. Ba a taɓa ƙera shi don kasuwa ba, samfurin yana gidan tarihi. Tausayin yara ne mafarin abin.

A wani fim na 1968 an nuna 'yan sama jannati suna cin abinci suna kallon labarai a wani faffaɗan abu da ke kwance a tebur, sak tab. Bayan shekara 43, a 2011, wani kamfani ya kai wannan ɓangare na fim ɗin kotu a matsayin hujja cewa abokin shari'arsa ba shi ya fara tunanin siffar ba. Fim ya zama shaida!

Littafin lantarki na farko an buga shi ne ranar 4 ga Yulin 1971, lokacin da wani ɗalibi a jihar Ilinoi ta Amurka ya zauna ya shigar da takardar ayyana 'yancin ƙasarsu cikin kwamfutar jami'a, duk da manyan baƙaƙe. Aikin da ya faro a daren nan ya zama ɗakin karatu na intanet mai littattafai sama da 70,000, kyauta. Allah ya saka wa masu irin wannan hali.

Ɗaya daga cikin kakannin tab, GRiDPad ta 1989, nauyinta kilo 2 ne, kuɗinta dala 2,370. Da alƙalami ake mata rubutu, alƙalamin kuma a ɗaure yake da waya a jikinta. Ba mai aron biro ya gudu da shi.

Na'urar karatu ta farko mai tawadar lantarki, Librie, ta fito a Japan a 2004, da ƙananan batura huɗu irin na rimot take aiki. Abin da ya kashe mata kasuwa: littafin da aka biya kuɗinsa yakan kulle kansa bayan kwana 60. Mai jan ƙafa a karatu ya shiga uku.

Kindle ta farko ta fito a Nuwamban 2007 a kan dala 399, da madannan rubutu a ƙasanta da wurin littattafai kusan 200. Cikin sa'a biyar da rabi aka saye ta kakaf, aka yi watanni ana jiran wata. Wanda ya tsaya neman ragi sai labari.

iPad ta biyo baya a Afrilun 2010 a kan dala 499, aka sayar da 300,000 a ranar farko, miliyan ɗaya cikin kwana 28. Ko kyamara ba ta da ita. Yau kuwa har a wurin biki za ku ga mai ɗaga ta sama ya tare wa sahun baya amarya.

Ga wani abin dariya: iPad ta yi shekara 14 ba ta zuwa da kalkuleta tata ta kanta, sai a 2024 aka sa mata. Wayar 'yan dubbai mai tocila kuwa tun fil azal tana da ita. Tsada ba ta hana giɓi.

Da tab ta fito, masu hasashe sun yi ta cewa kwanan na'urar karatu ya ƙare, kuma lallai cinikinta ya kai ƙololuwa a 2011, kusan miliyan 23 a shekara, sannan ya gangaro. Ita ma tab ɗin ta kai tata ƙololuwar a 2014, kusan miliyan 230, sai manyan wayoyi suka fara cin kasuwarta. Littafin takarda na gefe, har gobe ana buga shi.

Har zuwa 2012 na'urar karatu mai tawada galibi ba ta da fitila. Mai karatun dare sai ya sayi 'yar fitilar da ake maƙalawa a samanta. Da aka sa mata fitilar, a gefen fuska aka jera ta, tana haska shafin daga gaba maimakon ta hasko ido daga baya. Ƙaramar dabara, babban sauƙi.

A birnin Boston an taɓa ajiye mutum 12 aka sa su karatu na sa'a huɗu kafin barci, dare biyar a iPad, dare biyar a littafin takarda. A dararen iPad barci ya ƙara musu jinkirin kusan minti 10, sinadarin da ke kawo barci ya ragu da fiye da rabi, da safe kuma suka tashi a gajiye. Mai son samun jam'in Asuba ya rage hasken tun bayan Isha'i.

Mutum kan ƙifta ido kusan sau 15 a minti, amma idan ya ƙura wa fuskar kwamfuta ido yakan sauko zuwa rabi ko ƙasa da haka, daga nan sai bushewa da yaji. Likitocin ido na ba da shawarar kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Da hunturu kam har da ƙari.

Wuya ma na da ƙorafinsa. Wani lissafi da aka yi a 2014 ya nuna kan mutum a miƙe kusan kilo 5 ne a kan wuya, amma idan aka sunkuyar da shi sosai nauyin da wuya ke ji na iya kaiwa kilo 27. A jingina tab da wani abu, a ɗaga ta daidai ido.

Ƙaramar Kindle giram 158 ce, iPad ta gama-gari kuwa giram 477, kusan nauyin ledar fiya wata guda. Ku riƙe ledar sama da fuska na sa'a ɗaya kuna kwance, za ku gane bambancin. Wanda gyangyaɗi ya kwashe kuma hancinsa ne zai ba da labari.

Wasu na'urorin karatu an yi su yadda za su jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 2 har tsawon sa'a guda, saboda masu karatu a bahon wanka da bakin teku. Mu nan ribar ita ce ruwan damina da kofin shayin da yaro ya tunkuɗe. Tab da yawa ba su da wannan kariya.

Amma kada wannan ya ruɗe ku. A ƙarƙashin fuskar yawancinsu akwai wani siririn gilashi da ke tsagewa daga ciki idan aka danne shi a jaka, waje lafiya lau, rubutu kuwa ya daskare rabi da rabi. Kuɗin riga bai kai kuɗin kuka ba.

A 2011 aka fara nuna wa birran orangutan iPad a wani gidan namun daji na Amurka, suna zane da yatsa suna kallon bidiyo. Mai kula da su ne ke riƙe ta daga wajen keji, domin idan ta shiga hannunsu ba za ta kai minti ba. Masu yara ƙanana sun gane wannan hikima.

A jihar Kalifoniya kuma tsuntsayen fengwin aka kunna wa wani wasa da aka yi don kyanwoyi, suka dinga saran ɓeran da ke gudu a gilashi da baki. Eh, akwai wasannin tab da aka yi musamman don kyanwa. Har yau dai ba a ji dabbar da ta nemi Kindle ba.

Matuƙan jirgin sama sun daɗe suna jan jaka mai nauyin fiye da kilo 15, cike da taswirori da littattafan ƙa'ida, har zuwa wajen 2011 da tab ta fara maye gurbinta. A Afrilun 2015 manhajar taswirar ta sami tangarɗa a wani kamfanin jirage na Amurka, jirage da dama suka yi jinkirin tashi. Takarda ba ta taɓa daskarewa ba.

Su kuwa fasinjoji a Amurka, har zuwa ƙarshen 2013 dole ne su kashe na'urar karatu lokacin tashi da saukar jirgi, alhali na kusa da su na karanta jaridarsa hankali kwance. An sassauta dokar bayan bincike ya nuna yawancin jirage na jure irin waɗannan na'urori. Masu karatu suka numfasa.

Tawadar lantarki ta fita daga littafi ta shiga gari. A manyan kantunan Turai ita ce ke nuna farashi a jikin kanta, a birnin Sidni na Ostareliya an kafa allunan hanya da ita a 2015 masu aiki da hasken rana, a 2022 kuma aka nuna wata mota da aka lulluɓe da ita, tana sauyawa daga fara zuwa baƙa da danna maɓalli. Mai neman motarsa a tasha sai ya tuna launin da ya bar ta.

Yanzu ga wanda ya kamata kowa ya saurara da kyau. A Yulin 2009 wasu masu Kindle a Amurka suka wayi gari littafin da suka saya ya ɓace; kamfanin ne ya goge shi daga nesa, saboda wanda ya kawo shi kasuwa ba shi da haƙƙin sayar da shi, aka mayar musu da kuɗinsu. Littafin kuwa shi ne 1984, labarin hukumar da ke leƙen kowa tana goge abin da ba ta so.

Wani ɗan sakandare da ya yi ta rubuta bayanan aikin makaranta a jikin littafin ya kai ƙara, aka sasanta a kan dala 150,000, kamfanin kuma ya nemi afuwa. Tsadar aikin gida ke nan!

Abin da wannan ya tona shi ne, yawancin littattafan lantarki da ake saya izinin karantawa ne aka saya. Ba a sayar da su ga wani, ba a ba da aronsu yadda aka ga dama, ba a kuma raba su a gado yadda ake raba littattafan malam. Wannan ya dame ni ƙwarai, kuma ya kamata a faɗa wa mai saye tun kafin ya biya.

Ku tuna shagunan hayar littattafai na Kano, inda littafi ɗaya ke zaga unguwa har bangonsa ya fita. Da irin wancan kulle aka yi wa littattafan, da rabin makarantan Hausa ba su samu ba. Aro ne ya raini karatunmu.

Wasu na'urorin karatu masu rahusa talla suke nunawa a fuska duk lokacin da aka ajiye su, sai an ƙara kusan dala 20 a cire. Kun saya, kuma kuna yi musu tallar kaya a kan teburinku. Ciniki biyu a kuɗi ɗaya.

Na'urar na lura da saurin karatunku, ta rubuta a ƙasa saura minti kaza ku gama babi. Tana kuma ja wa wasu jimloli layi ta ce mutum kaza sun yi wa nan alama, mutanen da ba ku taɓa gani ba. Wanda bai son rakiya, akwai wurin kashewa.

Labari ɗaya na rubutu zalla bai cika wuce megabait ɗaya ko biyu ba, don haka gigabait 8 na ɗaukar dubbai. Mai littafi 3,000 da ke gama ɗaya kowane mako zai yi shekara 57 bai ƙare ba. A tab kuwa fina-finai kaɗan ne za su cinye wannan wuri.

Babbar kyautar da su biyun suka yi wa dattawa ita ce ƙara girman haruffa. Wanda ya ajiye karatu saboda ƙananan baƙaƙe na iya dawowa, ya kuma danna kalma ƙamus ya buɗe masa nan take. Wannan kaɗai ya isa dalilin saya wa Baba.

A Japan masu kantin littattafai kan naɗe bangon littafi da takarda don kada na kusa a jirgin ƙasa ya san abin da mutum ke karantawa. Na'urar karatu ta kawo wannan sutura ko'ina, ba bango ba suna. Fuska a murtuke, labarin soyayya a hannu.

Masu kewar ƙanshin littafi ma an yi musu tanadi, domin ana sayar da kyandir da turare masu ƙanshin tsohuwar takarda. Ƙanshin na gaske daga ruɓewar sinadaran itacen da ke cikin takardar yake fitowa, har da wanda ke ba da ƙanshin banila. Kasuwa ba ta barin kowa da kewa.

A 2018 an tattara bincike 54 da suka shafi mutum sama da 170,000, aka ga mai karanta bayani na ilimi a takarda ya ɗan fi mai karantawa a fuskar na'ura fahimta, musamman idan lokaci ya ƙure. A labarin hira kuwa ba a ga wani bambanci ba. Ɗalibai, littafin jarrabawa dai a riƙe shi da hannu biyu.

Wani gwaji a Turai ya ba mutum 50 gajeren labari mai shafi 28, rabi a Kindle rabi a takarda, sannan aka ce su jera abubuwa 14 da suka faru bi da bi. 'Yan takarda suka fi, ana jin saboda hannu na sanin inda aka kai daga kaurin shafukan da suka rage. Ashe yatsu ma na karatu.

A 2013 birnin Los Anjalas ya ƙaddamar da shirin dala biliyan 1.3 na bai wa kowane ɗalibi iPad, a kulle yadda sai karatu. Cikin mako guda ɗalibai kusan 300 suka kwance kullen suka faɗa shafukan zumunta, daga baya shirin ya wargaje. Yaro da na'ura, sai Allah.

Indiya ta fito da Aakash a 2011, tab ta ɗalibai a kan kusan dala 35, jihar Osun ma ta raba wa 'yan sakandare tata a 2013 cike da littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Suwidin kuwa, da ta yi nisa a wannan hanya, a 2023 ta juyo tana zuba kuɗi a littattafan takarda. Na'ura na taimakon malami, ba ta zama malami.

A 2014 wani babban kamfani a Amurka ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, kuɗin da yara suka kashe suna sayen tarkace a cikin wasanni ba da sanin manya ba. Masana lafiya kuma na cewa ɗan ƙasa da shekara biyu a nisanta shi da fuskar na'ura, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce sa'a ɗaya a rana. Tab ba 'yar raino ba ce, don Allah.

To, mu dawo gida. Littattafan Hausa na zamani sun fi yawo ta WhatsApp da manhajojin waya, Kindle kuwa ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu. Sai an tura mata littafin ta imel ko ta wayar caji daga kwamfuta. Mai bin labari kashi-kashi kullum dare, wannan ba taki ba ce, Hajiya.

PDF hoton shafi ne da ba ya lanƙwasa, don haka a fuska mai inci 6 haruffansa kan zama ƙanana ƙwarai, a yi ta ja ana matsarwa. Tsarin EPUB shi ne ke bin girman fuska ya jera kansa. Marubutanmu, ku taimaka ku riƙa fitar da shi.

Wani lokaci za ku buɗe littafin Hausa ku ga ƙananan akwatuna a inda ɓ da ɗ da ƙ ya kamata su zauna. Salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da masu lanƙwasa; ku sauya wani, galibi sai su fito. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, a duba kafin a biya.

Sai a 2018 Kindle ta fara karɓar littattafan Larabci a hukumance, daga dama zuwa hagu. Mus'hafi mai launukan tajwidi da hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami kuwa sun fi fitowa a tab, ga kuma ƙira'a a kunne. Almajirin ilimi ya san inda zai karkata.

Akwai na'urar karatu mai launi yanzu, amma launuka 4,096 take nunawa, a ɗan dushe, yayin da tab ke nuna sama da miliyan 16. Ɗalibin likitanci mai duba jijiya ja da shuɗiya, da tela mai nuna wa kwastoma ɗinki, kada su wahalar da kansu. Tab ce tasu.

Akwai kuma 'yan tsaka-tsaki: fuskar tawada, cikin Android, wasu har da alƙalamin rubutu. Suna buɗe manhajoji, amma bidiyo a kansu jan ƙafa yake yi yana barin inuwa, kuɗinsu kuma ba wasa. Na masu rubutu da yawa ne.

Inci da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, shi ya sa lissafin ke ruɗi. Tab mai inci 10 ta ninka waya mai inci 6.5 fili kusan sau uku. Wannan filin shi ne ainihin abin da kuke saya.

A kasuwa, tambayar farko ita ce tana cin sim ko kuwa sai waifai, domin da yawa daga waɗanda ake shigowa da su an yi su ne don gidajen da intanet ke kunne dare da rana. iPad marar sim ko GPS ba ta da shi. Mai aikin zaga ƙauyuka ya kiyaye.

Mai sayen iPad ta hannu ya tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa a gabansa, in ba haka ba ranar da aka goge ta za ta kulle ta nemi kalmar sirrin wanda ba ku san inda yake ba. A duba kuma kada fuska ta ɗago daga jiki, alamar batir ya kumbura ke nan. Araha ba ta ado.

Akwai tab marasa asali da ke rubuta babbar ma'adana a kwali, har a cikin saitin, alhali abin da ke ciki bai kai ba. Wasu kuma tsohuwar Android ke kansu wadda ba za a ƙara sabunta ta ba, manhajoji su yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya. A je da wanda ya sani, a gwada a shagon.

Wanda ke shirin mayar da tab kwamfutar ofis ya haɗa lissafin madannai da alƙalami da riga tun farko. Sau da yawa jimlar kan taɓo kuɗin laftof mai kyau. A auna kafin a yanka.

Babban bambancin dai ba a rubuta shi a kwali ba. A tab, kuna tsakiyar shafi saƙo zai faɗo, bidiyo ya kira, ƙwallo ta leƙo. A na'urar karatu babu kowa sai ku da marubuci. Rashin iyawarta shi ne abin da ake biya.

Ga hukuncinmu: ɗalibi mai tarin PDF, malami, mai zane, tela da mai karatun Mus'hafi mai launi, tab ta cancanci kuɗinku, ku nemi mai sim da asali. Mai cinye dogayen littattafai na rubutu zalla, ga ƙarancin wuta, ya nemi na'urar karatu, zai daɗe yana mana addu'a.

Wanda kuwa hira da gajerun bidiyo ne kawai aikinsa, wayar da ke hannunsa ta ishe shi. Ya riƙe kuɗinsa, ya sayi littafi biyu na takarda, ya ba maƙwabci aron ɗaya.